Kafin A Ɗauki Tsoho A Koma Gida, Da Sauran Tambaya Guda

Jama'a, akwai wata magana da ke fitowa daga bakin likita wadda mu 'yan Arewa mazauna Kudu muka daɗe muna yi wa fassara guda ɗaya tak. In likita ya ce Baba ya tsufa, jikinsa ba zai jure tiyata ba, to, abin da kunnenmu ke ji shi ne a ɗauke shi a tafi. Kafin gari ya waye an yi karo-karo a zango, an ɗauki shatar mota, an shimfiɗa tsoho a baya an kama hanyar Kano ko Sakkwato ko Gusau, domin in ta Allah za ta kasance, ta kasance a gaban dangi. Wannan al'ada ba abin zargi ba ce, kuma shekara 20 da suka wuce da wuya a sami wata dabara da ta fi ta. Amma game da ciwon dajin hanji, ilimi ya yi gaba ya bar al'adar a baya. Yanzu akwai tambaya guda da ya wajaba iyali su yi wa likita kafin su tayar da mota, watau: wane iri ne wannan dajin, an kuwa gwada shi? Amsar tambayar ita ce za ta nuna ko tsohon yana cikin waɗanda wani sabon magani ke iya narkar musu da ƙari ba tare da an sa wuƙa ba.

Bari mu fara da ciwon kansa. Dajin hanji ƙari ne da ke tsirowa a cikin babban hanji ko kuwa a ƙarshensa kusa da dubura. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 ya kama mutum wajen miliyan 1 da dubu 900, ya kashe wajen dubu 900, ya zama shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji, na biyu kuma wajen kisa. Alamunsa su ne jini a bayan gida, da sauyin yadda mutum ya saba kewayawa, yau zawo gobe taurin ciki, da rama ba dalili, da ƙarancin jini, da jin kamar ba a gama ba bayan an gama. Mai karatu zai lura cewa waɗannan alamu duka muna da suna guda da muke ba su, shi ne basir. Da sunan basir mutum ke shekara yana shan jiƙo da garin magani na 'yan tasha, kunya kuma ta hana shi nuna wa likita wurin, har ƙarin ya yi girma ya bazu. Abin da ya sa ke nan akasarin masu wannan ciwo a Nijeriya ba su isa asibiti sai a makare.

Tun asali, babban maganin dajin hanji shi ne a yanke sashen da ya ɓaci a haɗa sauran, kuma har gobe wannan shi ne ke warkar da mafi yawan waɗanda suka warke. Yawan shekaru kaɗai bai hana aiki, domin ana yi wa 'yan shekara 80 su tashi lafiya. Saboda haka in an ce ba za a yi aiki ba, ya kamata iyali su nemi sanin dalili. Wani zuciyarsa ce ko ƙodarsa ko huhunsa suka raunana, har ana tsoron in an yi masa allurar barci ba zai farka ba. Wani dajin ne ya riga ya bazu zuwa hanta ko huhu, yanka wuri ɗaya ba zai amfana ba. Wani kuwa shi da kansa ya ƙi, don ya ji an ce za a huda masa ciki a maƙala jakar bayan gida, yana tunanin tsarkinsa da zamansa cikin mutane. A da, abin da ya rage wa irin waɗannan shi ne maganin nan mai ƙarfi da ake kira kemo, wanda ke kashe ƙwayoyin daji tare da na lafiya, ya sa amai da zawo, ya karya jini. Tsohon da ba zai jure wuƙa ba, sau da yawa wannan ma ba ya jure shi.

To, ina sabon maganin ya fito? A jikin kowane ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin jini farare waɗanda aikinsu gadi, suna yawo suna kashe duk baƙon abin da suka gani. Amma Allah ya yi wa masu gadin nan dabaibayi, don kada su wuce gona da iri su far wa jikin da suke tsaro. A shekarar 1992 wani masani ɗan Japan, Tasuku Honjo, ya gano ɗaya daga cikin waɗannan dabaibayi a jami'ar Kiyoto, wani Ba'amurke kuma, James Allison, ya yi aiki a kan wani. Aka fahimci cewa daji ya iya wayo, shi ke jan igiyar dabaibayin ya tsai da masu gadi a bakin ƙofarsa. Sai aka ƙirƙiro allurar da ke kwance igiyar. Ita allurar ba ta taɓa ƙarin da kanta, garkuwar jikin mutum take saki ta yi aikin. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira imunoterafi, mu kuwa sai mu ce maganin sakin garkuwar jiki. A kan wannan aiki aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel a shekarar 2018. Magungunan da aka fi sani a kasuwa su ne Keytruda da Opdivo da Jemperli. Ana ba da Keytruda ne ta ƙarin ruwa, na kimanin minti 30, sau ɗaya a mako uku, mutum ya tashi ya koma gida.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Ko an kwance wa mai gadi dabaibayi, ba zai kama ɓarawon da bai gane ba. Mafi yawan dajin hanji ya yi kama da naman jiki na lafiya ƙwarai, har masu gadi su wuce shi ba su ankara ba. Akwai dai wani iri da ke tona wa kansa asiri. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai ta juyi littafin halittarta kamar yadda almajiri ke juyar rubutu a allo, kuma akwai wasu masu gyara guda huɗu da ke bin rubutun suna cire kurakurai. In masu gyaran nan suka lalace, kurakurai kan taru dubbai, ƙwayar dajin ta fito da kamannu na dabam, waɗanda garkuwar jiki ke hangowa tun daga nesa. Irin wannan shi za mu kira daji marar gyara. A takardar asibiti likitoci na rubuta shi da haruffan dMMR ko kuwa MSI-H. A ƙasashen Turai da Amurka wajen kashi 15 cikin ɗari na dajin hanji wannan iri ne, a cikin waɗanda ya riga ya bazu kuwa wajen kashi 5. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, a can an fi samunsa ga tsofaffi, musamman mata, kuma a ɓangaren dama na hanji.

Ga abin da gwaje-gwaje suka nuna. A shekarar 2015 likitocin asibitin Johns Hopkins na Amurka suka ba da Keytruda ga masu dajin hanji da sauran magunguna suka gaza musu. Cikin mutum 10 masu daji marar gyara, ƙarin 4 ya ragu sosai. Cikin mutum 18 masu ɗaya irin, ko mutum guda bai ragu ba. A shekarar 2020 aka bayyana sakamakon wani gwaji mafi girma, na mutum 307 waɗanda daji marar gyara ya bazu a jikinsu. Rabi aka ba su kemo, rabi Keytruda. A tsaka-tsaki, masu kemo sun yi wata 8 da 'yan kwanaki kafin ciwon ya ci gaba, masu Keytruda kuwa wata 16 da rabi. Daɗin daɗawa, kashi 66 cikin ɗari na masu kemo sun gamu da illa mai tsanani daga maganin, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 22 ne. Wannan bambanci na wahala shi ya fi muhimmanci ga mai rauni.

Abin da ya girgiza likitocin duniya kuwa ya faru ne a shekarar 2022, a asibitin Memorial Sloan Kettering na birnin Niyok. Aka ɗauki masu daji marar gyara a ƙarshen hanji, wanda bai bazu nesa ba, aka yi musu allurar Jemperli sau 9 cikin wata 6, da niyyar a biyo da kemo da gashi da tiyata. Da aka duba mutum 12 na farko, babu ko alamar ƙari a jikin ko ɗaya, sai aka fasa sauran. Zuwa shekarar 2025 adadin waɗanda suka kammala ya kai 49, kuma dukkansu haka aka gani. A Holan ma, a birnin Amstadam, an ba mutum fiye da 100 irin wannan magani na 'yan makonni kafin a yi musu aiki, da aka yanko hanjin aka duba, cikin kashi 68 babu ƙwayar daji mai rai ko guda. Duk mai hankali zai ga inda maganar ta dosa: in magani zai iya share ƙari kafin wuƙa ta iso, to, wanda wuƙa ba za ta iya isa gare shi ba ya sami ƙofa.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A shekarar 2021 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Olusegun Alatise, tare da abokan aikinsu na Niyok, suka bayyana binciken da suka yi a kan ƙarin hanji 64 na 'yan Nijeriya. Kashi 28 cikin ɗari marar gyara ne, watau kusan ninki biyu na abin da ake gani a Amurka. Adadin da aka auna ba shi da yawa, kuma a yammacin ƙasar nan aka tara shi, amma ya isa ya nuna cewa mai yiwuwa ne mutum ɗaya cikin huɗu na masu dajin hanji a Nijeriya yana ɗauke da irin da maganin ke ci. Ashe ke nan ƙasar da ta fi bukatar gwajin tana cikin waɗanda ba su mai da shi al'ada ba.

Shi kuwa gwajin ba wani abin tsoro ba ne. Duk wanda aka tabbatar yana da daji, an riga an tsinko ɗan nama daga ƙarin an duba, kuma ragowar naman tana ajiye a ɗakin bincike cikin ɗan curin kakin zuma. A kan wannan curi ake gwajin, a zuba masa wasu rini a ga ko masu gyaran nan huɗu suna nan ko sun ɓace. Ba a sake taɓa marar lafiya, kuma kuɗinsa ƙanƙane ne ƙwarai in an gwada da kuɗin allura guda. Har ila yau gwajin na da wani amfani ga iyali, domin wajen kashi 3 cikin ɗari na dajin hanji gado ne, daga wata larura da ake kira Lynch, wadda ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. In an gano ta ga uba, sai a fara duba 'ya'yansa tun suna samari.

Yanzu sai gargaɗi, domin wanda ya faɗi daɗin magani ya ɓoye ɗacinsa ya ci amanar mai karatu. Da farko, ga mafi yawan masu dajin hanji, waɗanda masu gyaransu ke nan lafiya, wannan allura ba ta aiki, kuma sayenta zubar da dukiya ne. Duk wanda ya ce a sayar da gona ko shanu a saya alhali ba a yi gwaji ba, ko dai bai sani ba ko kuwa aljihunsa yake yi wa aiki. Na biyu, ko a cikin masu daji marar gyara da ya bazu, wajen mutum 3 cikin 10 ciwonsu ya ci gaba duk da maganin. Na uku, waɗanda aka yi manyan gwaje-gwajen nan a kansu mutane ne da ke tafiya da ƙafafunsu. A gwajin mutum 307 matsakaicin shekaru 63 ne, na Niyok ma sun fi haka ƙuruciya. Abin da aka sani game da tsoho tukuf wanda ya kwanta ya fito ne daga ƙananan rahotanni, saboda haka likita ne zai auna kowane mutum da ƙarfinsa. Na huɗu, maganin yana ɗaukar makonni kafin ya nuna aiki. In hanji ya toshe, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba iska, wannan lamari ne na gaggawa wanda ba ya jiran allura.

Sa'an nan akwai illar maganin kansa. Masu gadin da aka kwance suna iya juyowa kan mai gida, su kama hanji ko huhu ko hanta ko fata ko ƙululun maƙogwaro da ke sarrafa ƙarfin jiki, wani lokaci har zuciya. In an gano da wuri akwai maganin da ke kwantar da su, in an yi sakaci kuwa suna kisa. A nan halinmu yake da haɗari. Mun saba in zawo ya kama mutum a aika yaro kemis ya sayo ƙwaya, in tari ne a ce sanyi ko hayaƙin Ikko. Ga wanda ke karɓar wannan allura, zawo ko tari ko haki ko gajiya ta fitar hankali saƙo ne na a koma asibiti a ranar. Don haka bai dace a yi wa tsoho allura a Badun a ɗauke shi zuwa ƙauyen da ke da nisan yini daga likita ba.

Babban dutsen da ke kan hanya kuwa shi ne kuɗi. A Amurka farashin allurar Keytruda guda ya haura dala 10,000. A shekarar 2025 dala ɗaya ta yi ta kai da kawowa wajen Naira 1,500, watau allura guda Naira miliyan 15 ke nan. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a shekarar 2024 Naira 70,000 ne a wata. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi kusan shekara 18 bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin allura ɗaya, ga shi kuwa ana bukatar 9, wani ma har 35. Farashi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ko an rage rabi, mai gadi da mai sayar da goro da ɗan acaɓa ba su kusa da shi.

Wani zai ce, to, mene ne amfanin gwada abin da ba za a iya saya ba? Ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe 'ya'yanta, ina ita ina maganin miliyoyi don tsoho? Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za a ture ta da tsawa ba. Amma mu tuna, haka aka ce game da maganin ƙanjamau a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kuɗinsa na shekara ya kai dala 10,000, sai ga shi da matsin lamba da shigowar kamfanonin Indiya ya faɗo ƙasa da dala 100, yau kyauta ake ba da shi a asibitocinmu. Alamun irin wannan sun fara bayyana. A watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maganin da ke cikin Keytruda a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, domin dajin hanji marar gyara da ya bazu. Babban haƙƙin mallakar da ya hana wasu kamfanoni yin irinsa zai ƙare a Amurka a shekarar 2028, kuma kamfanonin Sin sun riga sun fito da nasu masu sauƙin kuɗi. Ƙasar da ba ta san adadin masu bukatar maganin ba, da me za ta zauna ciniki? Gwaji shi ne ke ba da wannan adadi. 

Saboda haka kiranmu ga Gwamnatin Tarayya a fili yake. A shekarar 2021 aka buɗe asusun taimakon masu ciwon daji a asibitoci shida, na Zariya da Abuja da Gwambe da Badun da Binin da Inugu, amma aka fara shi da dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza kawai. Lalle ne dajin hanji ya sami cikakken gurbi a wannan asusu. Lalle ne kuma a mai da gwajin nan wajibi a kan kowane ƙarin hanji a dukkan asibitocin koyarwa, a sa kuɗinsa cikin inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta ce tilas ce ga kowane ɗan ƙasa. Sa'an nan gwamnati ta yi cinikin maganin a dunƙule, maimakon a bar kowane iyali shi kaɗai a hannun 'yan kasuwa. A birnin Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a shekarar 2001 cewa za su ba kiwon lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, ga shi Nijeriya mai masaukin baƙi ta yi shekaru tana jan ƙafa wajen kashi 5. Wakilanmu da ke majalisa su amsa wannan.

Mu ma da namu aikin. Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Shagamu da Anaca da Fatakwal, da ƙungiyoyin 'yan kara da 'yan gwari da direbobi, sun saba haɗa kuɗin motar kai marar lafiya gida. Ya kamata su ware wani abu don kuɗin gwaji, su kuma tanadi matasa masu ilimi da za su riƙa raka tsofaffi asibiti suna yi musu tafinta, domin da yawa daga cikin iyayenmu ba su jin Turanci ko Yarabanci ko Ibo sosai, sai su gyaɗa kai su fito ba su san abin da aka ce ba. Abin kunya ne a ce asibitin koyarwa na Ikko yana Idi-Araba, a tsakiyar unguwar da mutanenmu suka cika, amma ba mu shiga sai ciwo ya ci ƙarfinmu.

Kai kuma ɗan'uwa da ke jinyar mahaifi ko mahaifiya, riƙe waɗannan. Tambayi likita dalilin da ya hana aiki. Tambaye shi ko an yi gwajin MMR, in ba a yi ba, ina ake yi. In komawa Arewa ta zama tilas, kada ka tafi sai da takardun asibiti da curin naman nan, domin da su likitocin Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri za su ɗora daga inda aka tsaya. In gwaji ya nuna maganin ba zai ci ba, ka tsira da gonarka, ka kuma nemi maganin rage zafi da kulawar da za ta sa tsoho ya yi sauran kwanakinsa cikin mutunci, wannan ma haƙƙinsa ne. In kuwa kai ne ke ganin jini a bayan gida, bar kiransa basir sai likita ya duba ya ce basir ne. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.